Aladaniya a Fakon Bayan Gida

Ranar da na tarar da mijina yana taje wa bunsuru gemu, a ranar na san zaman gida ya fara taɓa shi.

Bunsurun na ƙanwarsa Garifaliya ne, wani baƙi mai wari da taurin kai, wanda yake bin awaki su hau dutse da safe su sauko da yamma. Na fito da kwanon wake zan tsince a inuwa, sai ga Haridimos zaune a bakin rijiya, ya maƙale wuyan dabbar a hammata, yana bin gemun da mataji a hankali. Matajin kuwa nawa ne, wanda 'yarmu Evantiya ta kawo mini daga birnin Iraklio.

"Baban Evantiya, lafiya?"

"Lafiya lau. Zo ki riƙe mini ƙahon nan."

"Ban riƙewa. Me ka ajiye a gemun bunsuru da kake nema da matajina?"

Ya ɗago ya nuna mini. A tsakanin haƙoran matajin akwai ɗan baƙin danƙo, bai kai ƙwayar wake ba. Ya murza shi a yatsu, ya kai hanci, ya lumshe ido.

"Haka mutanen da suke yi," in ji shi. "Awaki su kutsa cikin aladaniya suna kiwo, ƙaron ya manne musu a gemu, mutum ya zauna ya tsefe abinsa. Ba hawa ba sauka. Likitan naku ma ba shi da ta cewa."

Na yi masa faɗa a kan matajin, domin faɗa ba ya yi mini wuya. Amma da na koma madafa sai na kasa tsintar waken. Tausayinsa ne ya kama ni.

Tun kafin in aure shi Haridimos yake ɗibar ƙaron aladaniya, kamar ubansa. Ɗan itacen nan da ya rufe duwatsun da ke bayan ƙauyenmu bai wuce ƙugu ba, ganyensa a yamutse, ba shi da wani kwarjini. Sai rani ya tsaya, rana ta take tsaka, sannan ganyen yake tsattsafo da ƙaro mai ƙanshi. A daidai lokacin da kowane mai hankali yake kwance a ɗaka, a lokacin mazanmu suke saɓa argastiri su hau. Doguwar sanda ce mai gicciye a kai, an ɗaura mata igiyoyin fata rututu. Da ita ake shafar itatuwan, a ja a sake ja, har igiyoyin su yi nauyi su yi baƙi. A sauko a shanya su a rana, a kankare da wuƙa, a dunƙule. Curin farko na coci ne, saura a sayar wa masu turare da masu magani.

A ranin da ya gabaci maganar bunsurun ne jiri ya ɗebe shi a can sama. Wani makiyayi ya tsince shi kwance a cikin itatuwa, ya goyo shi har gida. Likita ya ce zuciya ce, ga gwiwoyi sun ƙare, hawan dutse ya haramta gare shi. Evantiya ta zo ta yi kuka ta sa ya yi mata alkawarin barin ɗibar ƙaro. Ni kuma na ɗauke argastirin na kai gidan Garifaliya, muka cusa shi a saman rufi. Bai tambaye ni inda yake ba. Da ya yi mini tsawa ma da na fi samun sauƙi.

To bayan maganar bunsuru sai na je na sami Garifaliya tana matsar cuku. Na ce mata tunda an hana shi zuwa wurin aladaniya, ni zan kawo masa aladaniya gida.

"Matar Yaya, kin taɓa ganin wanda ya shuka ta?"

"Ban taɓa ba."

"To me ya sa, a ganinki?"

"Lalaci ne na maza. Komai suna so Allah ya shuka musu."

Ta yi dariya har ta zubar da ruwan cuku a ƙafarta. Amma ta yarda za ta raka ni, da sharaɗin kada yayanta ya sani. Ni ma haka na so. Namijin tsibirinmu na Kirit, in ka nuna masa ka tausaya masa, kamar ka zage shi ne a kasuwa. Da zai ji cewa matarsa tana dasa masa dutse a bayan ɗaki don ya tsufa, da ya bar cin abincina.

Muka bari damina ta ja baya, ƙasa tana da sauran laushi, muka hau da fartanya da buhuna. Mata biyu da suka haura sittin, muna nishi muna tsegumin mutanen gari. Itatuwan sun fara fure, ja-ja mai haske, tsakiyarsa rawaya, a yamutse kamar rigar da ba a goge ba. Muka zaɓi matasa muka tono. Saiwarsu ta ba mu wuya, domin ta bi tsagar dutse ta yi nisa, dole muka datse. Na kawo su gida a ɓoye, na dasa a garewanin man zaitun, na jera su bayan akurkin kaji inda Haridimos ba ya zuwa.

Ni Argiro, a gidana baƙo bai taɓa tashi da yunwa ba. Mai karanta mitar wuta ma sai ya ci dodon koɗi da busasshen burodi kafin in bar shi ya fita. Ɗaɗɗoyata da ke bakin ƙofa, mata suna zuwa kallo. Saboda haka da waɗannan bayin Allah suka sauka a hannuna, na dube su na ce wahalarku ta ƙare. Kun taso a kan tsakuwa, ba ruwa ba inuwa, awaki suna cin ku, maza suna dukan ku da fata. Na cika musu garewanin da baƙar ƙasa daga gindin ɓaure, na haɗa da takin awaki wanda ya ruɓe sosai. Na ja su cikin inuwar bangon akurkin don kada rana ta dame su. Ruwa kuwa safe da yamma, ban taɓa fashi ba.

Da farko sun yi kamar za su gode. Sai ganyen ya fara rawaya. Na ce yunwa ce, na ƙara taki. Ya fara zuba, na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Kafin rani ya raba, duk sun zama ƙirare. Na tuge ɗaya na duba, saiwar ta yi baƙi ta yi laushi, tana warin ruɓa.

A wannan ranin shi ma Haridimos ya rame, kuma abin ya ɗaure mini kai, domin ban taɓa kula da shi kamar lokacin ba. Kujerarsa tana inuwa, ina matsar da ita in rana ta juyo. In ya ɗauki bokiti in karɓe. In ya nufi ƙofa in bi shi da hula. Romon kaza, madarar akuya, zuma a cokali. Sai ya ci loma biyu ya ture kwanon, ya zauna yana kallon dutse, yana jan carbinsa na wasa. Da tsakar rana, in iska ta gangaro da ƙanshin aladaniya, sai ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe taga.

Garifaliya ta ce, "Ki gwada iri mana. Wataƙila tonon ne ba sa so."

Muka sake hawa a ƙarshen rani, muka tsinko busassun ƙwanso cike da zane. Na murje su a faranti, irin ya fito ƙanana kamar na lansir, da tauri. Da ruwan farko ya sauka na zubar da matattun, na sake cika garewanin, na shuka. Na jira. Ciyawa ta fito, tumatir ya fito daga cikin takin, har da wata kabewa da ban san inda ta samo hanya ba. Aladaniya ko ɗaya. Na tona da tsinke na ga irin yana nan yadda na sa shi, ko kumbura bai yi ba.

Aka shiga tsinkar zaitun, aiki ya sha kaina, na manta da su. Da aka gama na leƙa, har yanzu shiru. Raina ya ɓaci. A bayan gidanmu akwai wani fako, shimfiɗaɗɗen wuri mai tsakuwa da farin dutse, wanda tun zamanin surukina ba a taɓa samun ko albasa a kansa ba. Can nake zubar da fasassun tukwane. Na kinkimi garewanin ɗaya bayan ɗaya na watsar da ƙasar a kan fakon, na haɗa da ragowar irin da ƙwanson da ke cikin zane, na karkaɗe. Na ce ku je ku ƙarata, marasa godiya. Na wanke garewanin na shuka ɗaɗɗoya.

Bayan tsinkar zaitun ake sassabe rassan, a ƙone su tun ƙasa tana da danshi, kafin hukuma ta hana kunna wuta. Mu a kwari muke ƙonawa, kusa da itatuwan, a tara tsibi guda a cinna. Wannan shekarar na ɗauki ɗan ƙodago ya yi sassaben, na ce Haridimos ya zauna. Wata safiya na dawo daga coci sai na hangi hayaƙi a bayan gida. Na jefar da jakata na zagaya da gudu.

Yana tsaye a bakin fako da cokali mai yatsu na noma a hannu. Ashe tun kwanaki yake janyo ƙananan rassa daga kwari, kaɗan-kaɗan, in na fita. Kuma bai tara su tsibi ba. Baje su ya yi a kan fakon gaba ɗaya, shara-shara, ya haɗa da busasshiyar ƙaya. Wutar tana gudu a kansu, ta lashe nan ta wuce can, ba ta zama.

"Baban Evantiya, so kake ka ƙone mu?"

"Ba iska. Na duba."

"Wa ya ce ka ɗauki kaya? Kuma shekara nawa kana ƙona rassa, yau ka manta yadda ake tarawa? Wannan ai wasan yara ne. Rabinsu ma ba za su ci ba."

"Tsufa ne, uwargida," in ji shi, ko kallona bai yi ba. "Kin ce na tsufa, ga shi kin gani."

Na tsaya da bokitin ruwa har wutar ta mutu, ina ta masifa. Shi kuwa fuskarsa ta yi baƙi da toka, gumi yana bin wuyansa. Da rana ya cinye kwanon wake tas ya nemi ƙari. Na lura da wannan, amma na ɗauka hayaƙi ne ya buɗe masa ciki.

Ruwa ya yi ta sauka a makonnin da suka biyo baya, ya wanke tokar. Wata rana na je zubar da fasasshen tulu sai na ga fakon ya yi kore-kore. Na sunkuya. Ƙananan tsiro ne birjik, wasu a tsagar dutse, wasu a cikin tsakuwa tsura inda ko ƙasar garewanina ba ta kai ba. Waɗanda suka ɗan tasa sun fitar da ganye mai gashi-gashi, a yamutse. Na murza ɗaya na shinshina. Aladaniya ce. Sai da na zauna a kan dutse.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne ruwa. Kwana biyu ba a yi ruwan sama ba, ga su ƙanana. Na tashi na ciko buta na dawo. Ina karkata ta sai na ji murya a bayana.

"Argiro, ajiye butar nan."

Ba ya kiran sunana sai magana ta kai magana. Na juyo, yana jingine da bangon akurki.

"Ciyawa ce nake..."

"Waɗancan na garwa kin kashe su da alheri, na yi shiru. Waɗannan ki bar mini su."

"Ashe ka sani."

"Kaji suna ta cin ganyen aladaniya a bayan akurki, ke kina fita da buta safe da yamma kamar mai jinya. Ciwon zuciya aka ce ina da shi, ba makanta ba."

"To me ya hana ka magana? Ka bar ni ina hawa dutse da wannan ƙanwar taka mai baki, ina ta asarar taki."

Ya zo ya tsuguna a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara, ya taɓa wani tsiro da ɗan yatsa.

"In na yi magana, na yarda ke nan ba zan sake hawa ba. Ban shirya ba a lokacin." Ya ɗago ya dubi dutse. "Kin tuna shekarar da gobara ta cinye gefen dutse na gabas, muna sabon aure? Kowa ya ce an gama. Damina biyu, wurin ya fi ko'ina cika. Irin nan yana iya kwanciya a ƙasa shekara da shekaru, ba ya buɗewa sai wuta ta bi ta kansa ta wuce. In ta zauna a kansa kuma ta kashe shi. Shi ya sa na baje."

"Ni kuma ina ta zagin ka a kan tsibi."

"Ai na saba. Da kin yi shiru da na ɗauka ba ki da lafiya."

Na so in yi kuka, sai na yi faɗa a maimakonsa, na ce wandonsa zai ɓaci da toka. Na juye ruwan butar a gindin ɓaure.

Ranin da ya biyo baya shi ne mafi wuya a wurina. Rana tana dukan fakon, tsiron suna lanƙwashewa, ganyensu yana naɗewa, ni ina kallo ta tagar madafa da tulu cike a gefena. Da yawa sun mutu. Haridimos ya ce haka ake so, waɗanda suka rage saiwarsu ta sami tsaga ta nutsa. Sau ɗaya na saci jiki da kofi a ƙarƙashin gyale, sai ga Garifaliya ta ɓullo ta katanga.

"Matar Yaya, shayi za ki kai musu?"

Na shanye ruwan a gabanta na koma ciki.

Shi kuwa ya sami abin yi. Da sanyin safiya yana can yana cire ƙaya, yana rage waɗanda suka cushe, yana gyara shinge saboda bunsurun nan. Na daina bin sa da hula. Na daina karɓe masa bokiti, sai dai in ya cika da yawa. Ba don na daina tsoro ba. Tsoron yana nan, na dai koyi riƙe shi a ciki.

Damina biyu suka wuce. Itatuwan suka kai gwiwa, wasu suka wuce. Da damina ta ja baya suka yi fure. Kullum da safe fakon yana ja da ƙudan zuma, kafin la'asar furen ya zube ƙasa, gobe wani ya buɗe. Maƙwabta suka riƙa leƙowa. Fada, limamin cocinmu, ma ya zo ya tsaya ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya sauko da dutse bayan ɗakinsa ba. Na ba shi gahawa da cuku, ban gaya masa labarin garewani ba.

Sai rani ya tsaya. Wata rana zafi ya kai inda gyare ma yake yin ƙara kamar zai fashe. Na fita shanya, gefen siket ɗina ya shafi wani reshe, na ji ya manne. Na duba, ganyen yana ƙyalli. Haridimos yana zaune a ƙarƙashin rumfar inabi, ya ga abin da na gani. Bai nemi argastirinsa ba. Alkawari ya yi wa 'yarsa, kuma ba ya roƙo.

Na shiga ɗaki na kira Evantiya a waya.

"Mama, likita ya ce..."

"Likita ya ce kada ya hau. Ba hawa. Daga tagata ina ganin sa."

"Amma rana fa, Mama? Da tsakar rana ake yi."

"Na sani. Na ajiye shi a inuwa shekara guda, ya kusa ƙarewa a hannuna. Ki sake shi daga alkawarin nan, 'yar nan."

Daga ƙarshe ta yarda. Sannan ta ce in sa ya sa hula, kuma in ya yi fari in kira ta.

Na je gidan Garifaliya, ta hau tsani ta sauko da argastirin. Ƙura ta rufe shi, amma igiyoyin ba su bushe ba, har yanzu suna ƙanshi. Na saɓo shi a kafaɗa na ratsa gari da shi, masu zaman shagon gahawa suna bi na da ido. Na jingina shi a jikin kujerarsa.

"Ga kayanka. Ya tare wa mutane rufi."

Ya dube shi, ya dube ni. Ya shafa igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya tashi, ya ɗauki hular da kansa, ya zagaya baya.

Na tsaya a taga. Ya fara a hankali, yana jefa igiyoyin a kan itatuwan yana ja, kafaɗarsa tana tuna aikin. Rigarsa ta jiƙe ta manne a bayansa. Sau biyu ya tsaya ya dafa sandar yana numfashi, sau biyu hannuna ya kai kan tulu. Ban fita ba, ban kira shi ba. Ƙanshin ya cika madafa har ya danne na albasar da nake soyawa, kuma na bar ta ta ƙone.

Fakon ba shi da girma, bai daɗe ba ya gama. Ya shanya igiyoyin a kan katanga, ya kankare su da tsohuwar wuƙarsa, ya shigo yana murza abin a tafin hannu. Duka-duka bai wuce girman goro ba. Ya raba shi biyu, ya ajiye rabi a kan shiryayye don coci. Ɗaya rabin ya kamo hannuna ya danna mini a tafi, da ɗuminsa.

"Diyyar matajinki," in ji shi.

Ya ja kujera ya zauna, fuskarsa ja wur, yana haki yana murmushi. Ya dubi tulun da ke gefena.

"To, uwargida. Yanzu ki ba ni ruwa."

Na cika masa kofi har yana zuba, ya shanye, ya miƙo na sake cikawa.